Takardar Jinin Habsu Ta Zo Bayan Sadakar Arba'in

Da sunan Allah, wanda ciwo da sauƙi duka suke hannunsa. Sunana Isuhu, haifaffen Tasawa. Na tsufa, idona ya rage, hannuna kuma yana rawa in na daɗe da alƙalami, saboda haka zan faɗi abin kai tsaye. Jinyar ɗiyata Habsu zan rubuta. Ban taɓa ba kowa labarin cikakke ba, don akwai wurin da in na zo nakan tsallake. Yau ba zan tsallake ba, ko wani da za a yi wa awon jini ya tsaya ya ji bayani har ƙarshe kafin ya tashi.

Abin ya faru ƴan shekaru bayan mun samu mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke kan ganiyarta. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu satifika, sai aka ɗauke ni aikin awon gyaɗa: ina tsaye gaban sikeli da fensir a kunne, manoma suna sauke buhu. A wurin wannan aikin na ga Rakiya, ranar kasuwar Kanan-Bakashe, cikin ƙasar Mayahi. Ta so ni, na so ta, aka ɗaura mana aure, ta tare a Tasawa gidanmu, inda mahaifiyata Inna take. Habsu ce ɗiyarmu ta fari. Bayanta Rakiya ta yi ɓari sau biyu, sai ya zama ita kaɗai gare mu.

Shekararta bakwai a lokacin. Siririya ce, mai wushirya, mai surutu. Takan laƙa tsinke a kunne ta jera duwatsu ta ce buhuna ne, ta riƙa yi wa kaji faɗa wai sun cuɗa mata gyaɗa da yashi. Tun tana shekara huɗu, in damina ta yi nisa takan yi kukan ƙafa kwana ɗaya ko biyu. Mukan ce amosani ne, a gasa mata da ruwan ɗumi ya wuce.

Wannan karon bai wuce ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya kama ta a hanyar dawowa daga gonar Inna, ta shigo jiƙe sharkaf tana dariya. Kashegari da safe ta kasa tsayuwa. Ta riƙe ƙwaurinta da hannu biyu tana cewa, "Baba, sara ake yi ciki, sara ake yi." Rakiya ta gasa, ta shafa man shanu, ta naɗe ta da zane biyu. Kwana na uku zazzaɓi ya hau. Na goya ta zuwa likita, wato ƙaramin asibitin garinmu, muka bi layi tun hantsi har azahar, ƙarƙashin itacen bedi, ita tana kwance a cinyata tana ciza gefen rigata. Aka ba mu kinin da asfirin. Zazzaɓin ya sauka, ciwon ƙashin ya bar ƙafa ya koma baya da kafaɗa.

Mako na biyu farin idonta ya soma yin rawaya, gefen cikinta na hagu ya yi tauri. Nan shawarwari suka fara shigowa tare da masu gaisuwa. Wata ta ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe. Wani ya ce saifa ce ta sauko. Inna ta kira wanzami, ya yi wa yarinyar tsaga a ciki, ya kafa mata ƙaho a baya, ni na riƙe hannuwanta. An sha rubutu, an yi turare, an yanka zakara an yi sadaka. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu, kowa abin da ya sani ya kawo, kuma maƙwabciyarmu ta ɗauke wa Rakiya daka da ɗibar ruwa duk tsawon makonnin nan ba a roƙe ta ba. Allah ya saka mata. Amma jinin da ƙahon ya zuƙe, daga baya na san yarinyar ba ta da rararsa.

A cikin makon ne Inna ta ce da ni, ba ta ko sassauta murya ba, Rakiya na bakin murhu:

"Wanga ciwo ba namu ba ne. Na ji an ce ƙannen uwarta biyu da irinshi suka tahi tun suna ƙanana."

Rakiya ta ci gaba da hura wuta.

Mako na uku na sake kai ta likita, wannan karon muka samu Majo Sani, babban ma'aikacin jinya na wurin. Dattijo ne mai sanyin magana, ya daɗe a aikin. Ya danna cikinta, ya ja fatar idonta ya duba, ya tambaye ni tun yaushe take kukan ƙashi. Da na faɗa masa sai ya ce in koma in zo da uwarta, yana son ya ga jininmu mu uku.

Ga yadda ya yi awon, ina gani. Ya soki kan yatsa da allura, ya ɗiga jinin a kan ɓallen gilashi, ya rufe da wani gilashin mai laushi kamar ɓawon albasa. Sannan ya narka kyandir ya liƙe gefunan duka huɗu. Ya ce so yake iska ta ƙare wa jinin, don wani jinin sai ya rasa iska yake nuna halinsa. Ya rubuta sunan kowa a gefe, ya ce mu dawo gobe. Sunan awon ya zauna mini a kai har yau: tes d'Emel.

Kashegari ni kaɗai na koma. Da yake ya san na yi lakwal, sai ya ce in sa ido a madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Ya fara sa nawa. Na ga ƙwayoyi birjik, kowace zagayayya kamar ɗan faifai. Ya cire ya sa na Rakiya: da yawa sun lanƙwashe, sun yi tsini biyu kamar lauje. Na Habsu ma haka.

"Pozitif, pozitif," in ji shi, yana nuna nasu. Ya nuna nawa. "Negatif."

Ya bayyana mini cewa ƙwayar da ta lanƙwashe ba ta bin ƙananan hanyoyin jini, sai ta toshe, inda ta toshe nan ne ciwon yake. Ya ce gado ne, ba maita ba, ba iska ba. Na ce to me ya sa Rakiya ba ta kwanciya, ga shi nata ma ya lanƙwashe? Da Faransanci muke maganar. Ya ce:

"Wanda ya ɗauko daga gefe ɗaya yakan zauna lafiya. Abin da aka koya mana, yaro ba ya kwanta irin haka sai ya ɗauko daga uwa da uba."

Nan take ya ankara da abin da bakinsa ya faɗa. Sai ya dafa hannuna.

"Isuhu, saurara da kyau. Gilashin nan iri ɗaya kawai yake kamawa. Akwai wasu irin jinin da ba sa lanƙwashewa, kuma su ma suna haɗuwa da wannan su ba da ciwo. Wancan sai babban awo na lantarki, ba mu da shi a nan, ko Maraɗi sai sun aika."

Na ce to. Na gode masa. Wallahi kunnena ya ji wannan magana ta biyu, ga shi har yau ina iya maimaita ta. Amma ta farkon ce ta bi ni gida.

A hanya na fara ƙidayar watanni. Na tuna shekarar da aka samu cikin Habsu an tura ni awo ƙauyukan arewa, na yi kusan wata uku ina zuwa ina komawa, Rakiya kuma ta yi wasu makonni a garinsu. Na ƙidaya ta nan, na ƙidaya ta can. Lissafin yana fita daidai, amma sai in sake shi. Da na shiga gida Inna ta tambaye ni, na ce mata nawa lafiya lau, na uwar ne da na ɗiyar. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa jinin Isuhu garau yake. Sauran maganar ban faɗa wa kowa ba, na bar ta a raina.

Mako na huɗu da na biyar su ne wurin da nakan tsallake. Ciwon Habsu yana sauka yana hawa. Wata rana ta zauna ta sha koko, wata rana ta wuni tana murƙususu. Majo ya ce a yawaita ba ta ruwa, a kiyaye ta daga sanyi, a kawo ta duk bayan kwana uku. Rakiya ce ke goya ta. Ni kuwa sai in zauna nesa ina kallon fuskar yarinyar, ina duba kunnenta, ina duba hancinta, ina neman kaina ko wani. Da can hannuna ne kawai take yarda ya danna mata ƙafa, tana cewa na uwarta ba shi da nauyi. Sai ta kira:

"Baba, zo ka danna mini."

In ce, "Na makara, Habsu, sai na dawo."

An buɗe awon gyaɗa a lokacin, sai na samu mafaka. In fita da sassafe, in dawo da magariba, in ci tuwo a zaure. Babu wanda ya ga laifina, kowa ya san kaka ce. Magani ban hana ba, abinci ban hana ba, da aka buƙaci allurar da babu a likita na sai da tunkiyata aka sayo daga Maraɗi. Da wannan nake lallashin kaina. Hannuna kawai na janye.

Mako na shida, wata Alhamis da la'asar, na dawo da wuri don sikeli ya lalace. Inna ta fita barka. Habsu na barci. Rakiya na tankaɗe a tsakar gida, ta ce, ba ta ɗago ba:

"Malam, mi yarinyar ga ta yi maka?"

Na ce ba ta yi mini kome ba.

"To ni mi na yi? In don jinina ne, ban saye shi kasuwa ba, haka Allah ya yi ni. Ka yi fushi da ni, amma ita tana kiranka."

Da na yi shiru da ya fi. Amma abin ya daɗe yana neman hanya. Na ce:

"Majo ya ce ciwon nan sai uwa da uba duka suna da shi. Ni an auna, ba ni da shi."

Ta tsai da rariyar. Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba, kuma rantsuwar nake jira, da ta yi wataƙila da na samu abin kamawa. Cewa ta yi:

"To. Na ji."

Ta aika gida. Ranar Lahadi wanta Ɗanladi ya zo da amalanke. Ban sake ta ba, ban kuma hana ta ba. Inna ta ɗauka yaji ne a kan maganganunta, har ta fito tana cewa a yi haƙuri. Aka shimfiɗa tabarma da zannuwa a amalanken, Ɗanladi ya ɗauki Habsu ya kwantar. Ta leƙo ta ce:

"Baba, kai ba ka zuwa?"

Na ce, "Ina da aiki."

Da Majo ya ji, ya tare ni a bakin kasuwa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ya ce, "Ka bari an kai ta inda babu allura, ga sanyi na shigowa? Saifar nan tata ba ta wasa ba ce." Na ce uwarta ce ta so. Ya dube ni, ya kaɗa kai, ya wuce.

Mako uku ban aika ba, ban je ba. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, buhuna suka yi tudu a filin awo, kamyo, manyan motocin lodi, na shiga na fita, makaɗa na bin ƴan kasuwa. Inna ce ta fara karaya. Ta daina zancen dangin Rakiya. Kullum in zan fita sai ta ce, "Isuhu, ka tahi ka gano mini jikata." In ce sai an rufe awo.

Ranar wata Talata, a mako na goma, ina kan sikeli sai na ga Ɗanladi tsaye a bayan layin manoma, ƙafarsa fari fat da tafiya. Bai yi mini doguwar gaisuwa ba.

"Ba biko na zo nema ba. Yarinya tana likitar Mayahi tun jiya. Sun ce jininta ya ƙare, a wuce da ita Maraɗi yau. Kai ka san masu mota."

Na ajiye fensir. Akwai wani shofer, wato direban kamyo, da zai fita da lodi, na roƙe shi ya bi ta Mayahi, hanyar da ba tasa ba, ga yashi. Bai ko tambayi abin da zan ba shi ba, ya ce mu hau. Ban san inda ya ƙare ba a duniya, amma ban taɓa yin addu'a na manta shi ba.

Da na ga Habsu a barandar likitar Mayahi ban gane ta nan da nan ba. Cikin ya kumbura, sauran jikin ya zube. Tafin hannunta fari, leɓenta fari, numfashi sama-sama. A cikin tsofaffin tsagar akwai sababbi, don can ma an gwada abin da aka sani. Rakiya na zaune ta tallabe kanta. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Habsu ta buɗe ido, ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi uwarta:

"Baba ya gama aikin?"

Shofer ya ba Rakiya da yarinyar gaban mota, ni da Ɗanladi muka hau kan buhuna. Sau biyu muka kafe a yashi, muka sauka muka tona da hannu. Mun shiga Maraɗi rana ta yi sanyi. A asibiti muka tarar da mutane kwance har bakin ƙofa, aka ce mu jira. Mun yi ta jira, ina bin duk mai farar riga ina magana da Faransanci, ana ce mini kowa ma maras lafiya ya kawo. Wata ma'aikaciya ce da ta zo wucewa ta tsuguna ta ja idon Habsu, sai ta miƙe ta sunkuce ta da kanta ta yi ciki.

Lokotoron da ya duba ta, wato dokta, matashi ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya karanta ƴar takardar da Majo ya rubuta tun farko, wadda Rakiya ta ƙulle a bakin zane duk tsawon lokacin. Ya ce saifa ce ta tara jinin ta riƙe, sai an yi ƙarin jini yanzu. Ya sake duba takardar, ya dube ni.

"Kai ne uban?"

Rakiya ta juya fuskarta bango. Na ce, "Ni ne."

Aka gwada, jinina ya dace da na Habsu. Na kwanta aka ɗiba. Da aka rataya kwalbar ina kallon jinina yana sauka cikin hannunta, sai na matsa kusa da lokotoro na tambaye shi a hankali, ko dacewar nan tana nuna wani abu. Ina jin ya gane inda na dosa. Ya ce ba ta nuna kome, mutum da baƙon da bai taɓa gani ba ma jininsu kan dace. Ya ce amma yana tara jinin masu irin wannan ciwo yana aikawa babban ɗakin awo, zai ɗebi namu mu uku. Elektroforez, in ji shi. Na tambaya kwana nawa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya danganta da mota, da jirgi, da ko akwai kayan aiki a can.

Kwana biyu muka ga sauƙi. Leɓenta ya yi ja. Ta zauna, ta sha koko, ta ce rake take so, na fita na sayo na fere na yanka mata ƙanana. Ta miƙo mini ƙafa, na danna. Na wuni ina dannawa. Ɗanladi har ya fara zancen komawa don hatsinsa na gona ba a ɗaure ba.

Kwana na huɗu zazzaɓi ya dawo, da tari, da ciwon ƙirji. Aka yi ta allura. Lokotoro ya zo sau uku a rana ɗaya, ya ce abin ya shiga huhu. Ban ga abin da suke da shi suka hana ba, abin da suke da shi ne kaɗan. Kwana na biyar ta daina magana, sai ido. Kwana na shida da hantsi, ana raba magani a ɗakin, ƙafarta na hannuna, na ji ta saki.

Rakiya ba ta taɓa kiran sunanta ba tun da ta haife ta, saboda kunyar ɗan fari. Kullum sai dai yarinyar ga, ko ke. Ranar ta sunkuya a kunnenta ta ce, "Habsu. Habsatu." Ta yi ta faɗa, har matan ɗakin suka zo suka ɗaga ta.

A Maraɗi aka rufe ta, babu halin ɗaukar ta zuwa gida. Mutanen da ba su san mu ba suka yi mata salla. Daga maƙabarta Rakiya ta bi wanta, ni na koma Tasawa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, su a can, mu a nan. Na koma kan sikeli. Zan faɗi gaskiya: ko a lokacin tambayar ba ta bar ni ba. Ina kukan yarinyar, ina kuma jiran takarda ta gaya mini ko kukan wa nake yi.

Kwana huɗu bayan sadakar arba'in Majo ya aiko a kira ni. Ya rufe ƙofar ofis. A kan tebur akwai wasiƙar lokotoro, an liƙa mata wata doguwar takarda mai kauri, da tabo-tabo ja-ja a jere, layi uku. Wannan karon da Hausa ya yi mini magana, a hankali, kamar mai koya wa yaro.

Ya ce a can ana fasa ƙwayoyin jinin ne a fitar da jan da ke ciki, a ɗiga a bakin takarda mai danshi, a sa mata lantarki. Sai jan ya kama tafiya a kan takardar. Kowane iri da saurinsa. Wanda ake kira A, na yawancin mutane, shi ke yin nisa. S, mai lanƙwashewa, yakan tsaya a tsakiya. Akwai kuma C, shi da kyar yake barin inda aka ɗiga shi. In an kashe lantarkin, sai a duba inda kowa ya tsaya.

Ya ɗora bakin alƙalami a layin farko. "Rakiya: ɗaya a nesa, ɗaya a tsakiya. A da S." Ya sauko na ƙasa. "Kai: ɗaya a nesa, ɗaya nan kusa. A da C." Sannan ya koma layin tsakiya. Ba sai ya faɗa ba, ina gani. Habsu ba ta da kome a nesa. Tabo ɗaya yana daidai da na uwarta, ɗayan yana tsaye daidai saman nawa.

"C ba ya lanƙwashewa a ƙarƙashin gilashi," in ji Majo, "shi ya sa ka fito negatif. Rakiya ba ta da shi ko ɗigo. To wannan na Habsu, daga ina kake jin ta samo shi?"

Na kasa ɗaga kai. Ina jira ya ce ai ya gaya mini. Bai faɗa ba. Cewa ya yi, "Da na sani, ranar nan da ban sake ka ba sai na maimaita maka sau uku." Allah ya jiƙan Majo Sani, ya ɗauki kason laifin da ba nasa ba don ya rage mini.

Na faɗa wa Inna duka, har abin da na ce da Rakiya a tsakar gida. Ta saurara. Ta tambaya, "Kai kuma wa ya ba ka?" Na ce ko ita ko mahaifina. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ci abinci ba ranar.

Kashegari na kama hanyar Kanan-Bakashe. Na isa da azahar. Ɗanladi ya sauke ni a zaure, ya kawo ruwa, ya shiga ya kira ta. Ta zo ta zauna daga bakin ƙofa, ta rame ƙwarai. Muka yi gaisuwa, muka yi wa juna ta'aziyya. Na fito da takardar na shimfiɗa a kan tabarma, na yi mata bayani yadda Majo ya yi mini. Na ce na zalunce ta, na zalunci yarinyar. Na ce ta yafe mini ta koma ɗakinta.

Ta matso kaɗan ta duba.

"Wanne ne nata?"

Na nuna mata layin tsakiya. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe.

"Malam," ta ce, "ni ban jira wagga takarda ba. Na san ɗiyar wa na haifa. Kai ne ka jira ta." Ta ɗauke yatsan. "Mako uku a ɗakin can, duk motar da ta ji sai ta ce in leƙa. Kullum ni ke ce mata aiki ya riƙe ka. Ni na yi maka ƙaryar, don kada ta tahi da sanin abin da ka ɗauke ta."

Ɗanladi ya sunkuyar da kai.

"Ba ni riƙe da kai a gaban Allah don kaina," ta ce. "Amma ba ni iya sake kwana gidan da aka duba kunnenta. Na gan ka, Malam, lokacin da kake dubawa. Tunda ka zo da alƙalami, ka ba ni tawa takardar."

Na roƙa. Ɗanladi ya sa baki, aka kira limamin garin shi ma ya sa baki har la'asar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma canja ba. A ƙarshe na rubuta mata takardar saki, a gaban su biyun. Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce in bar mata takardar awon, na bar mata.

Bayan shekara biyu na ji ta auri wani manomi a garin Sarkin Hausa. Ta haifi ƴaƴa, sun rayu, ta ga jikoki. Ni ma na sake aure daga baya, bayan an aika jinina da na amaryar an duba, na jira wata uku kafin sakamakon ya zo. Gyaɗa ta mutu, fari ya zo, aikin awo ya ƙare, na yi wasu ayyukan. Sau ɗaya na koma maƙabartar Maraɗi neman kabarin Habsu, na tarar wurin ya cika ya canja, na yi ta zagaye ban gane shi ba, na tsaya a inda nake zato na yi addu'a.

Rakiya ta rasu shekarun baya. Ta ce ta yafe nata. Na yarinyar kuwa babu wanda zai yafe mini shi a duniyar nan. Wanda ya karanta wannan ya sa Habsu da uwarta a addu'a. In ya ga da hali, ya ƙara da ni.